Iyalin Whitehead na Rawtenstall: Tarihin Gidan Masu Masaƙa Daga Kwarin Rossendale Zuwa Kakuri (1815–2002)

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin iyalin Whitehead, masu sana'ar kaɗi da saƙar auduga a garin Rawtenstall na lardin Lankasha a Ingila, tun daga kafuwar kamfaninsu a 1815 har zuwa rufewar masaƙar Kaduna Textiles a 2002, wadda da hannun kamfanin nasu aka kafa ta a Kakuri. Manufar nazarin ita ce a nuna yadda gida ɗaya yake iya ɗaga gari, da kuma irin nauyin da mutanen garin suke ɗauka a madadin haka. An bi hanyar nazarin tarihin gida da gari, inda aka dubi iyalin a cikin muhallinsu, sannan aka kwatanta da abin da ya auku a Kaduna. Nazarin ya gano cewa a lokuta biyu talakan garin masaƙa yake jin jiki: ranar da inji ya shigo, da ranar da jari ya fita. A ƙarshe an ba da shawarar a taskace tarihin unguwannin masaƙu na Arewacin Nijeriya tun masu labarin suna raye.

Fitilun Kalmomi: auduga, masaƙa, Whitehead, Rawtenstall, Kakuri, tarihin gari

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya nazarci tarihin masana'antu a Arewacin Nijeriya zai ci karo da sunan David Whitehead & Sons, kamfanin Ingila da gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da shi wajen kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL. Galibi akan ambaci sunan ne a layi ɗaya a wuce, tamkar kamfanin ya faɗo daga sama a 1955. Alhali kuwa a lokacin da wakilansa suka zauna da hukumomin Kaduna, gidan ya riga ya shekara 140 yana harkar auduga, kuma yana da garin da ya girma tare da shi.

Wannan takarda ta koma tushen ne. Ta bayyana yanayin kwarin da iyalin suka fito, da yadda suka kafu, da tarzomar da ta auka musu a 1826, da dangantakarsu da mutanen garinsu, sannan ta biyo sawun kamfanin zuwa Kakuri. A cikin takardar, kalmar "masaƙa" tana nufin ma'aikatar saƙa ta inji. Waɗanda ke saƙa a gida kuwa an kira su "masu saƙar hannu" domin kauce wa ruɗani.

2.0 Kwarin Rossendale Kafin Zuwan Inji

Rawtenstall yana kimanin mil 15 arewa da Mancesta, a cikin kwarin Rossendale, daidai inda rafin Limy Water ya haɗu da kogin Irwell. Ƙasar wurin tuddai ce masu sanyi da yawan ruwan sama, ba ta karɓar noman kirki. A da can dajin farauta ne na sarakunan Ingila, sai a 1507 aka buɗe shi ga masu son zama. Da yake gona kaɗai ba ta ciyar da gida, mazauna kwarin sun haɗa kiwo da kaɗi da saƙar ulu. Attajiri yakan raba wa gidaje kayan aiki, mata da yara su yi kaɗi, maigida ya yi saƙa, a mayar wa attajiri ƙyalle a karɓi lada. Manazarcin Hausa ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba, domin ya yi kama da yadda mata ke kaɗi a cikin gida, maza na saƙa, fatake na kwasa zuwa kasuwa a ƙasar Kano da Zazzau.

Abin da ya sauya lamarin shi ne jerin ƙirƙire-ƙirƙire na ƙarni na 18. A 1733 John Kay ya fito da ƙoshiya mai gudu da kanta, wadda ta hanzarta saƙa. Daga nan injunan kaɗi suka biyo baya: na Hargreaves wajen 1764, na Arkwright a 1769, na Crompton a 1779. Kaɗi ya bar gida ya koma ma'aikata a bakin rafi, zare ya yi arha ya kuma wadata. Saƙa kuwa ta daɗe a hannu, domin injin saƙa da Cartwright ya ƙirƙiro a 1785 bai yi ƙwarin da za a dogara da shi ba sai bayan shekaru da dama. Wannan giɓi ya sa masu saƙar hannu suka yawaita ƙwarai, har adadinsu ya kai kimanin 240,000 a Birtaniya a shekarun 1820. A cikin wannan giɓi ne gidan Whitehead ya sami ƙofar shiga.

3.0 Kafuwar Gidan Whitehead

An haifi David Whitehead a 1790 a Gambleside, wani ɗan ƙauye a kan tudu arewa da Rawtenstall, wanda a yau ya zama kufai. Ba ɗan masu hali ba ne, kuma tun yana yaro ya shiga aikin zare da saƙa. A 1815 shi da 'yan'uwansa biyu, Thomas da Peter, suka haɗa jari suka fara aiki a wata ƙaramar ma'aikata a Balladenbrook, da sunan Thomas Whitehead and Brothers. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan zamani ya fito ne daga tarihin rayuwarsa da David ya rubuta da kansa, wanda masanin tarihin kasuwanci Stanley Chapman ya tace aka buga.

Abubuwa uku suka taimaka wa 'yan'uwan. Na farko, sun san aikin da hannunsu, ba su dogara da wani ya gaya musu ingancin zare ba. Na biyu, zumunci ya tsaya musu a matsayin jingina a zamanin da doka ke ɗora wa kowane abokin tarayya dukkan bashin kamfani, don haka mutum ba ya haɗa dukiya sai da wanda ya amince wa ƙwarai. Na uku, mabiya ɗarikar Methodist ne, ɗarikar Kirista mai tsananta tsimi da kame kai da kiyaye lokaci, wadda kuma ta haɗa su da 'yan kasuwa masu aƙida irin tasu. A farkon shekarun 1820 suka gina Higher Mill a cikin Rawtenstall, suka kuma sanya injunan saƙa a ciki. Wannan mataki ne ya jawo musu arangama da maƙwabtansu.

4.0 Tarzomar 1826

A farkon ƙarni na 19 gwanin saƙar hannu yana iya samun fiye da sule 20 a mako. Zuwa tsakiyar shekarun 1820 ladan ya faɗo ƙasa da sule 10, saboda yawan masu aikin da kuma gasar inji. A ƙarshen 1825 bankuna da yawa suka karye a Ingila, ciniki ya tsaya, attajirai suka daina raba zare, ga kuma tsadar burodi da dokokin hana shigo da hatsi suka haddasa. Yunwa ta shiga gidajen gabashin Lankasha.

Ranar 24 ga Afrilu, 1826, jama'a suka taru a kusa da Accrington suka fara bin masaƙu suna farfasa injunan saƙa. Ranar 26 ga wata suka iso Rawtenstall, inda suka lalata injuna 96 a masaƙar Whitehead. A wannan rana dai, a Chatterton da ke 'yan mil kaɗan kudu da garin, sojoji suka buɗe wuta a kan taron, aka kashe aƙalla mutum 6. Cikin 'yan kwanakin nan an farfasa injuna fiye da 1,100 a yankin. Littafin William Turner mai suna Riot! ya bi diddigin wannan tarzoma gari-gari.

Abin lura shi ne masu tarzomar sun fi mayar da hankali ga injin saƙa, wanda suke ganin shi ya raba su da abincinsu, ba ga rayukan masu masaƙu ba. Amma sakamakon bai zo daidai ga ɓangarorin biyu ba. Doka ta ba mai masaƙa damar neman diyya daga gundumar da aka yi ɓarnar, wato daga aljihun masu biyan haraji, sai ya sake sayen injuna ya ci gaba da aiki. Waɗanda aka kama kuwa, an ɗaure wasu, an kori wasu zuwa Ostareliya har ƙarshen rayuwarsu. Cikin shekaru 30 da suka biyo baya saƙar hannu ta auduga ta kusa ƙarewa a Lankasha, 'ya'yan masu ita suka sauko daga tuddai suka zama leburorin masaƙa. Ƙauyuka irin su Gambleside suka fara zama kango, Rawtenstall yana cika.

5.0 Iyali da Gari

Daga nan tarihin iyalin da na garin suka sarƙe. A 1835 'yan'uwan suka gina Holly Mount, gini ɗaya mai sassa uku, kowa da nasa, a kan tudun da ke kallon wuraren aikinsu. Wajen 1840 suka gina Lower Mill, wadda ta fi ta farko girma. Sun gina wa ma'aikata gidajen haya, sun kafa makaranta, sun kuma zuba dukiya a majami'un Methodist na garin, ciki har da ta Longholme. Da jirgin ƙasa ya iso Rawtenstall a 1846, ɗauko auduga daga tashar ruwa da kai ƙyalle Mancesta suka ƙara sauƙi.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan irin wannan hidima ta masu masaƙu. Wasu na kallon ta a matsayin taimako na tsakani da Allah, wasu kuwa na ganin dabara ce ta riƙe ma'aikata. Tarihin Rawtenstall ya nuna cewa duka biyun suna iya zama a wuri ɗaya. Makaranta ta koya wa yara karatu da lissafi, wannan amfani ne da ba a musunsa. Sai dai dokar masana'antu ta 1833 ta riga ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙar auduga, ta kuma wajabta wa 'yan shekara 9 zuwa 13 karatun awa biyu a kullum, don haka mai son aikin yara yana buƙatar makaranta a kusa. Haka kuma ma'aikacin da ke zaune a gidan maigidansa, yake ibada a majami'ar da maigidan ya gina, ɗansa ke karatu a makarantarsa, ba shi da bakin yin musu sosai, domin rasa aiki na nufin rasa muhalli. Sai a 1847 doka ta taƙaita aikin mata da matasa zuwa awa 10 a rana.

Duk da haka akwai abin da ya kamata a yi wa wannan zamani adalci a kansa. Mai masaƙa yana kwana a garin da masaƙarsa take, yana shaƙar hayaƙin da ma'aikatansa ke shaƙa, a nan za a binne shi. Mutuncinsa ya rataya ga halin da garin yake ciki. Wannan kusanci shi ne abin da ya ɓace daga baya.

6.0 Rabuwa, Bunƙasa da Koma-baya

A 1855 'yan'uwan suka raba tarayyarsu, bayan shekara 40 suna tare, domin kowanne ya sami 'ya'yan da suka isa riƙe dukiya. Peter ya gina Ilex Mill a 1856, reshen David kuma ya ci gaba da sunan David Whitehead & Sons a Lower Mill. David ya rasu a 1865.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da abin da Turawa suka kira yunwar auduga. A 1860 fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar da Birtaniya ke sarrafawa daga kudancin Amurka take zuwa, inda bayi baƙar fata ke noma ta. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 aka toshe tashoshin ruwan kudu, auduga ta yanke, masaƙun Lankasha suka rage aiki ko suka rufe, dubun-dubatar ma'aikata suka koma cin agaji har zuwa 1865. Wannan ya fallasa gaskiya biyu: arzikin garuruwa irin su Rawtenstall ya ginu ne a kan gumin bayi a wata nahiya, kuma garin da ya dogara da sana'a ɗaya da hanyar samun kaya ɗaya yana cikin haɗari.

Bayan yaƙin harka ta farfaɗo. Rawtenstall ya sami majalisar gari ta kansa a 1891. A 1913 Birtaniya ta fitar da ƙyallen auduga kimanin yadi biliyan 7, kuma Indiya ce babbar kasuwarta. Daga nan sai gangara. Indiya ta bunƙasa masaƙunta, a 1933 kuma Japan ta zarce Birtaniya wajen fitar da ƙyallen auduga. A 1959 gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar da ta biya masu masaƙu kuɗi domin su rusa tsofaffin injuna. Kamfanonin da suka hango wannan tun da wuri sun nemi mafita a ƙetare. David Whitehead & Sons ya buɗe masaƙa a Hartley ta Rodeshiya ta Kudu, wato Chegutu ta Zimbabuwe a yau, a farkon shekarun 1950. Bayan haka sai ya fuskanci Nijeriya.

7.0 Daga Rawtenstall Zuwa Kakuri

Alaƙar Lankasha da ƙasar Hausa ta girmi KTL. Tun a 1851 Heinrich Barth ya bayyana Kano a matsayin cibiyar saƙa da rini wadda tufafinta ke kaiwa Timbuktu da Tarabulus. Tsoron sake faɗawa yunwar auduga ya sa aka kafa ƙungiyar British Cotton Growing Association a Mancesta a 1902, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi sa wa rai. Amma da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, manoma suka fi karkata ga gyaɗa, masu kaɗi da saƙa na gida kuma suka riƙa sayen auduga da farashin da ya fi na ƙungiyar. Sannu a hankali dai aka kafa injunan gurzar auduga a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau, ana ɗaure ta dila-dila zuwa Ingila, a dawo da akoko da alawayyo a sayar.

Wannan zagaye ne gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta so ta yanke. A 1955 aka ƙulla yarjejeniya da David Whitehead & Sons. Hukumar cinikin amfanin gona da hukumar raya Jihar Arewa suka zuba jari, wanda asalinsa rarar kuɗin manoman gyaɗa da auduga ne, kamfanin kuma ya kawo nasa kason tare da ƙwararru da tsarin gudanarwa. A 1957 KTL ta fara aiki a Kakuri, ta soma da saƙa akoko. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Arewa, kuma a shekarun 1960 wasu suka biyo ta, kamar Nortex da Arewa Textiles da UNTL, har Kaduna ta zama cibiyar masaƙun Nijeriya.

Kakuri da Makera suka cika da ma'aikata daga sassa daban-daban na Arewa, tare da masu abinci da masu gidajen haya da teloli da ke ci daga albashinsu. Ba a farfasa inji a Kakuri kamar yadda aka yi a Rawtenstall ba, domin akokon KTL ya fi maye gurbin wanda ake shigowa da shi daga waje, masu saƙar hannu da yawa kuma suka koma amfani da zaren inji. Waɗanda suka fi asara su ne mata masu kaɗi, waɗanda mazarinsu ya rasa kasuwa ba tare da an ji ƙararsu ba.

Daga baya David Whitehead & Sons ya shiga hannun kamfanin Lonrho, ya daina zama mallakar iyali. A Nijeriya kuma dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka rage rawar baƙi. Daga 1986 shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Ga ƙarancin wutar lantarki da baƙin mai, ga fasa-ƙwauri, ga kuma ɗage haramcin shigo da tufafi a 1997. A watan Disamba na 2002 KTL ta rufe, ma'aikata suka watse ba a biya su haƙƙoƙin sallama ba. Salihu Maiwada da Elisha Renne sun rubuta tarihin wannan durƙushewa, Renne kuma ta bi rayuwar zawarawa da marayun ma'aikatan da suka rasu suna jiran haƙƙinsu.

8.0 Sakamakon Nazari

Daga bayanan da suka gabata, abubuwa uku sun fito fili.

Na farko, ribar masaƙa da asararta ba a raba su daidai. A 1826 mai masaƙa ya sami diyya, mai saƙar hannu ya rasa sana'a. A 2002 ma'aikaci ya rasa albashi da sallama a lokaci guda. Jari yana iya tashi daga Rossendale zuwa Chegutu ko Kakuri, amma gari ba ya tashi.

Na biyu, abin da aka kawo Kakuri injuna ne da tsarin aiki, ba gidan da ke bayansu ba. A Rawtenstall akwai iyalin da za a iya nunawa da yatsa, a yaba musu ko a zarge su. KTL kuwa ta kasance mallakar hukumomi da masu hannun jari, ta yadda ranar rufewa ma'aikaci bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Wannan ba yabon tsarin ubangida ba ne, domin an ga irin takurar da ke cikinsa. Manufar ita ce duk inda aka cire ubangida, wajibi ne doka mai ƙarfi ta tsaya a gurbinsa.

Na uku, ƙarshen garuruwan biyu ya yi kama amma bai zama ɗaya ba. Rawtenstall ma ya rasa masaƙunsa: an rushe Lower Mill, Ilex Mill kuma ta koma gidajen kwana. Sai dai kwarin yana da wasu sana'o'i, kamar ɗinkin takalma, yana kusa da Mancesta, ga kuma tsarin fansho da tallafin marasa aiki na ƙasa. Ma'aikacin Kakuri bai sami irin wannan matashi ba.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa sunan da ake ambata a layi ɗaya cikin tarihin KTL yana ɗauke da labarin wani gari da mutanensa, kuma labarin yana haskaka na Kakuri. An iya sake gina tarihin Rawtenstall ne saboda David Whitehead ya rubuta rayuwarsa, kotuna sun ajiye bayanan waɗanda aka kama a 1826, ƙungiyoyin tarihin gari kuma sun adana takardu. A nan ne aiki ya rage wa manazarta Hausa. Tsofaffin ma'aikatan Kakuri da Makera, da na Bompai da Sharaɗa a Kano, da na Funtuwa da Gusau, suna ta raguwa. A bakinsu akwai kalmomin aiki da Hausa ta ara ko ta ƙirƙira a cikin masaƙa, da laƙabobi da barkwanci da labaran yajin aiki, waɗanda ba su cikin kundin kowace hukuma. Ya kamata sassan nazarin Hausa su ɗora ɗalibai a kan tattara waɗannan bayanai gida-gida, a naɗe su, a rubuta su da harshen da aka faɗe su, kafin masu su su shuɗe.